Ganyen Bakin Rafi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar garinmu, wadda ke ci kwana biyar-biyar, ya san Pyo Mal-sun ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan da ke zama a gindin turken lantarki kusa da mai tuyar waina, ta baje ganyayen dutse kashi-kashi, tana hararar duk wanda ya tsaya yana latsa mata kaya. Fara'ar 'yan kasuwa kam ba a raba da ita ba. Ka tambaye ta ko ganyen na yau ne, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce a'a, na bara ne, kai ta ajiye wa. Duk da haka wurinta ake layi, don ba a taɓa jin ganyen Mal-sun ya juya wa wani ciki ba. A garin da kowace shekara sai an kwashi wani zuwa asibiti saboda ya tsinko abin da bai sani ba ya ci, wannan suna ba ƙarami ba ne.

Tun tana 'yar mitsitsiya take bin kakarta kan dutse da kwando. A wannan kwarin ta yi aure. Mijinta mai haƙar kwal ne, mutum mai shiru-shiru, tarin rami ya ɗauke shi tun ɗansu Tae-gil bai gama firamare ba. Ba gona, ba dangi masu hali. Dutsen bayan gida shi ya riƙe su. Da ƙanƙara ta narke za ka gan ta tun duku-duku ta ɗaure kai, ta cusa curin shinkafa a aljihu, ta shige daji, sai yamma lis ta sauko da buhun da ya fi ta girma. Wani ta sayar ɗanye, wani ta turara ta shanya a kan rufi saboda hunturu. Da ganyen nan yaron ya yi karatu har ya tafi Seoul, ya samu kujera a ofis, ya yi aure, ya ajiye tumbi. Ta sha faɗa masa cewa duk ƙashin da ke jikinsa ganye ne.

Cikin ganyayen duka, gomci ne abin alfaharinta. Faffaɗa ne kamar tafin hannu, ɗanye ake cinsa, a ɗora shinkafa da 'yar daddawar wake a naɗe a kai baki, ɗan ɗacinsa da ƙamshinsa su cika maka hanci. Yana da wani mugun makamanci da ake kira dongi. Ga wanda bai sani ba kamarsu ɗaya, sai dai shi ya fi sheƙi, ba ya ƙamshi, kuma guba ne. Mal-sun ba ta taɓa tsayawa tana dogon dubawa ba. Ta murza, ta sansana, ta jefa a buhu, ta yi gaba.

To, hunturun da ya wuce ta yi wata mura mai nauyi, da murar ta tashi tafiya sai ta tafi mata da hanci. Ta ƙona tukunya ba ta ji ƙauri ba sai da hayaƙi ya cika ɗaki. Idon dama kuwa dama ya daɗe da yin yana. Ba ta faɗa wa kowa ba, kuma a ganinta ba ɓoyewa ta yi ba, abin ne bai kai a faɗa ba. Hannun da ya tsufa yana tsinkar ganye ai ba sai hanci ya nuna masa hanya ba. Haka ta gaya wa kanta, ta ci gaba da hawanta.

Ana tsakiyar kakar ganye, bayan ta aika musu da kwalin da ta saba aikawa kowace shekara, sai Tae-gil ya tsiro da kiran waya. Yau ya kira, gobe ya kira, kuma magana ɗaya ce: ta daina hawa dutse, gwiwa ta tsufa, in ta faɗi a can wa zai gan ta. Ta ce masa gwiwarta ta fi tasa, shi da ko bene ɗaya sai inji ya ɗaga shi. Ya ce to ta huta ko na bana kawai. Ta ce ganyen ba zai tsaya jiranta ba, ta kashe waya.

Amma ta tsorata. Ta ga yadda aka yi da ƙawarta uwar Bok-nam. Da maganar gwiwa aka fara, aka ƙare da wani ɗaki can ƙololuwar bene a birni, tsohuwa na zaune gaban talabijin tana jiran a dawo daga aiki. Mal-sun ta san in aka raba ta da dutsen nan, abin da ya rage mata ba shi da yawa.

Sai ga su ranar iyaye, shi da matarsa Hye-ran. Suka maƙala mata jan fure a ƙirji kamar yadda ake yi, suka ce bana ba gidan cin abinci za su kai ta ba, gandun itatuwa za a je a sha iska, akwai hanyoyin ƙafa masu kyau a ciki. Ta ja tsaki. A biya kuɗin ƙofa don a kalli itace, ga shi nan bayan gidanta har ya yi yawa? Tana cikin ɗaura takalmi ta gano bakin zaren: ƙafarta za su gwada. Za su sa ta a gaba su ga inda za ta tsaya tana haki, sannan a hanyar dawowa a yanke mata hukunci. Ta ce su jira ta. Ta koma ciki ta manna filastar zafi a gwiwoyinta, ta haɗiyi ƙwayar ciwon jiki, ta fito tana cewa tagar baya ta rufe.

A mota ta ƙare wa ɗanta kallo daga baya. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Ta tambaya, ya ce aiki ne. Ta ce wa Hye-ran, ko dubanta ba ta yi ba, namiji in ya haura hamsin sai an riƙa tsare shi da abinci. Hye-ran ta ce to, Omonim, kamar yadda ake kiran uwar miji. Ita kullum haka take. 'Yar birni ce mai magana ƙasa-ƙasa, sama da shekara ashirin da shigowarta gidan ba ta taɓa ce wa surukarta a'a ba, ba ta kuma taɓa zama sun yi wata doguwar hira ba. Mal-sun ba ƙin ta take ba, ba ta dai san me za ta yi da ita ba. Ta tambaya ko kwalin ganye ya isa lafiya. Suka ce ya isa. Sun ci? Tae-gil ya ce sun ci, ya ƙara muryar rediyo.

Gandun shiru yake, irin shirun wurin da ake sharewa kullum. Dogayen itatuwa sun yi inuwa, an shimfiɗa wa hanya tabarmar igiya don kada santsi ya kwashi mutum, kowane itace da ɗan allonsa a gindi an rubuta sunansa. Iyalai na tafe a hankali, da yawa da tsofaffinsu masu jan fure a ƙirji, ana riƙe musu hannu. Tae-gil ya miƙo nasa hannun, ta ture shi ta wuce gaba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne asarar da ake tafkawa a wurin. Ga ganyen ci ko'ina, dama da hagu, an bar shi ya tsufa ya yi gauri ba mai tsinka. Yatsunta sai motsi suke da kansu. Tae-gil ya nuna mata babban allon da ya hana taɓa komai, har da tara. Ta ce wanda ya rubuta allon nan bai taɓa kwana da yunwa ba. Ita dama ba ta karanta alluna. Da girmanta ta koyi karatu a ajin tsofaffi, harafi-harafi take haɗawa, kuma ba ta ga dalilin da za ta wahalar da idonta don wani yaro ya gaya mata sunan abin da ta sani tun ba a haifi uwarsa ba.

Da suka iso inda hanya ta rabu, ɗaya ta bi gefen tafki a shimfiɗe, ɗaya ta miƙe tudu da matakalar katako, Tae-gil ya ce su bi ta ƙasa. Mal-sun ta kama ta tudun. Ƙwayar ta fara sakinta tun a tsakiya. Gwiwar hagu ta ɗauki zafi kamar an kara mata garwashi, kowane taki sai ta ji shi har cikin haƙori. Ga abin dafawa nan a gefe, ta ƙi ko kallonsa. Ta haɗiye hakinta, tana fitar da shi ta hanci kaɗan-kaɗan don kada su ji. Da ta kai sama ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta juyo tana kallon ƙasa. Can ta hango ɗanta ya dafa katako yana share gumi, matarsa na jiransa.

"A aiko muku da abin ɗauka ne?" ta ce.

Daɗi ya kama ta, daɗin da ta kwana biyu ba ta ji irinsa ba. Ta ci jarrabawa. Yanzu da wane baki zai sake yi mata maganar gwiwa? Da suka ƙaraso ta ji Hye-ran na ce masa ƙasa-ƙasa ya faɗa mata mana, shi kuma yana cewa a bari a sauka tukuna. Mal-sun ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce a ranta su je su yi ta ƙus-ƙus ɗinsu, ɗakin benen nan sai dai su sa wata a ciki.

Ta ɗaya gefen hanyar ta gangara zuwa wani ɗan rafi, an yi gadar katako mai tsawo a kan dausayin. Wurin sanyi, ba kowa sai su uku da ƙarar ruwa. Nan ta gan su a bakin ruwa, faffaɗan ganyaye kore shar, sun yi cincirindo.

"Kai, duba nan," ta ce. "Gomci kamar an zana shi. Mutanen nan ba su san abin da suke da shi ba."

Kafin wani ya yi magana ta sauka daga kan katakon, takalminta ya nutse a laka. Mal-sun ta da, lakar nan kaɗai ta ishe ta gargaɗi, don gomci ba ya tsayawa tsamo-tsamo cikin ruwa. Amma ranar nasara ta cika mata kai, kuma so take ta ƙara musu da wani abu, su ga ba ƙafa kaɗai take da ita ba. Ta zaɓi mafi faɗi ta tsinka, ta goge a wandonta, ta kai hanci don sabo, ta naɗe shi, ta miƙa har bakin ɗanta.

"Buɗe baki. Ka rame kamar kara. Ba mai ganinmu."

Ta ga ya dubi ganyen, ya dubi wani ɗan allo da ke kusa da ƙafarta, sannan ya dube ta. Gumi na bin wuyanta, jan furen ya karkace a ƙirjinta, tana ta murmushi. Mutum ne da ya haura hamsin, a ofis rusuna masa ake yi, amma tunda yake bai taɓa mayar da abin da hannun nan ya miƙo masa ba. Sai ya buɗe baki.

Hye-ran ce ta doke hannun. Ba turewa ba, duka ne, har sai da ya yi ƙara. Ganyen ya faɗa rafi, ruwa ya tafi da shi.

Mal-sun ta tsaya riƙe da hannunta, mamaki ya hana ta ko yin fushi. Hye-ran ta sunkuyar da kai.

"Omonim, ku gafarce ni. Dongi ne."

"Ni kike gaya wa?"

"Ba ni na faɗa ba, ga shi nan a rubuce. Kuma ba yau ne farau ba."

Tae-gil ya ce wa matarsa ya isa haka. Ta juya kansa, ita da ba a taɓa jin muryarta ta tashi ba.

"Bai isa ba. Ka ce a mota za ka faɗa, ka ce a kan tudu, ka ce in an sauka. Ga shi an sauka, ka buɗe baki za ka ci."

Daga nan ta kwashe komai ta faɗa, kanta a ƙasa. Ranar da kwalin ya iso, ita ta tafi duba mahaifiyarta, shi kaɗai ya zauna ya ci, ya ci da yawa don ya yi kewarsa. Da ta dawo a ƙofar banɗaki ta same shi a kwance, ya yi amai har ba abin da ke fitowa. Motar asibiti ce ta ɗauke shi, aka wanke masa ciki, aka kwantar da shi kwanaki. Likita ya sa aka kawo sauran ganyen, aka tarar da dongi gauraye da gomci. Tun yana kan gadon ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba, wai ta yaya ɗa zai dubi uwarsa ya ce abincinta ya kusa kashe shi. Shi ya ƙirƙiro maganar gwiwa. Ita kuma ta rasa barci saboda mutanen kasuwa. Ita ta zaɓi gandun nan, don ta ji an shuka ganyayen biyu kowanne da sunansa, ta yi fatan Omonim za su gani da kansu, ba sai wani ya buɗe baki ba.

Mal-sun ta juya wajen ganyayen. Ta sunkuya ta tsinki wani ganyen, ta murje shi sosai har ruwansa ya ɓata mata yatsu, ta kai hanci ta ja numfashi. Ba ta ji komai ba. To amma gomcin ma rabonta da jin ƙamshinsa tun kafin hunturu. Ta durƙusa a lakar, da gwiwar da take ta lallaɓawa tun safe, ta kai fuskarta dab da allon ta rufe idon dama. Harafi-harafi ta haɗa, leɓenta na motsi. Sunan na nan, a ƙarƙashinsa kuma da jan rubutu an sa guba.

Nan ta tuna inda ganyen kwalin ya fito. Ba daga buhun kasuwa ba ne. Wani sabon wuri ta gano kusa da idon ruwa, ganyayen manya, masu sheƙi, ta ce waɗannan sun fi ƙarfin baƙi, na Tae-gil ne. Da hannunta ta zaɓe su ɗaya-ɗaya ta jera a kwali. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta yi kiciɓis da gadu a daji, sai kuma kunya ta biyo baya. Fuskokin masu sayen ganyenta suka riƙa zuwar mata, har da matar nan mai ciki da ta sayi kashi biyu ran kasuwar da ta wuce.

Suka kama ta suka hau da ita kan katakon. Wannan karon ba ta ture hannun kowa ba.

"Ya yi ciwo?" ta tambayi ɗanta.

"A'a, Omma. Ɗan murɗar ciki ne kawai."

Ta kawar da kai daga gare shi. "'Yar nan, ke faɗa min."

"Ya yi ciwo sosai," in ji Hye-ran. "Ku ya yi ta kira."

Mal-sun ta gyaɗa kai a hankali. Can ta dubi ɗan nata ta ce masa wawa, ya ga an rubuta guba kuma ya buɗe baki? Ya ce ai ba haɗiyewa zai yi ba, a kumatu zai riƙe har ta juya. Ta ce tun yana yaro ba ya iya riƙe komai a kumatu. Hye-ran ta ciro hankici ta jiƙa a rafi, ta durƙusa tana goge mata lakar wando, tana sake ba da haƙuri. Mal-sun ta dubi bayan hannunta inda ya yi ja.

"Ashe hannunki da nauyi," ta ce. "Shekara ashirin kina ɓoye shi."

Hye-ran ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka, ta rufe baki da hankicin mai laka.

Suka ci gaba da tafiya, don hanyar fita ta gaba take. Yanzu Mal-sun ce a baya. Ta kai hannuwanta baya ta harɗe, ɗaya ya riƙe ɗaya gam, don ta san halinsu. Wani iyali suka wuce su, suka gaishe ta, ta amsa. Gwiwar na ta zugi, amma ta daina ɓoye ɗingishin, ba wanda ya rage ta ɓoye wa.

Hanyar ta bar rafin ta hau wani gangare mai inuwa, ƙasar wurin a bushe. A gefen dama an kewaye wani fili da igiya, cike da faffaɗan ganyaye. Tae-gil ya tsaya. Tun daga gadar yake neman abin da zai ce mata ya rasa. Ya leƙa allon, ya matsa ya tare shi da ƙafarsa, ya juyo da 'yar fara'ar da ya ƙaƙalo.

"Omma, wannan fa? Mene ne?"

Ta matso bakin igiyar ta daɗe tana kallo. Ba sheƙi. Bakin ganyen tsini-tsini, ga tudu, ga inuwa. Duk jikinta ya ce mata gomci ne, da za a ce ta rantse da ta rantse. Kuma ta san abin da yaron ke so: ta faɗa, ya ce ta yi daidai, su koma gida kowa da ɗan abin riƙewa, jibi ta ɗauki buhu. Amma na bakin rafin ma da an ce ta rantse da ta rantse.

"Ban sani ba," ta ce. "Karanta min."

Ya janye ƙafarsa. Ya karanta mata. Gomci ne.

Ta ce to. Ba ta kwance hannuwanta daga baya ba, ta wuce.